Ɗakin Ƙarshe a Zangon Ɗantala

Bayan 'yan bindiga sun kashe Rilwanu a gonarsa, matarsa Taibatu ta baro ƙauyensu na wajen Damaga tare da uwar mijinta, Inna Hussaina. Da suka iso Talata Mafara, duk inda ake saukar da 'yan gudun hijira ya cika. Aka nuna musu tsohon zango a bayan kasuwa.

Kakan Malam Ɗantala ne ya gina shi tun zamanin da fatake ke wucewa da jakuna, ɗauke da goro da kanwa. Yanzu Ɗantala ke kula da shi, ya tsufa, ginin ma ya tsufa. Ya duba matan biyu ya ce ɗaki ɗaya ya rage, na ƙarshe, kuma ba zai ɓoye musu ba. Wani bafatake ne ciwo ya kama a ciki, abokan tafiyarsa suka ɗaura kaya suka bar shi, ya mutu shi kaɗai. Tun daga nan, in rana ta take, akan ji muryarsa yana roƙon ruwa.

Inna Hussaina ta hau salati. Taibatu ta ce, "Ba komi, Baba. A buɗe."

Tun ranar da aka kawo gawar mijinta ba ta yi kuka ba. In an ba ta tuwo ta ci, in ba a ba ta ba ba ta tambaya.

Ranar Talata, mutanen zango duk sun tafi kasuwa, Taibatu da Inna suna zaune a ɗaki da tsakar rana sai suka ji shi. Murya ce ta namiji, a dishe, daga kusurwar da babu kowa.

"Ruwa."

Inna ta fita a guje ko takalmi babu. Taibatu ta zauna tana jiran gabanta ya faɗi, bai faɗi ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta ajiye kwanon a kusurwar, ta koma tabarmarta. Har la'asar ruwan na nan yadda yake. Ta zuba wa kaji.

Haka ta riƙa yi kullum. Inna ta koma kwana wajen wasu mata 'yan Damri. Magana ta bazu, wasu suka ce iska ta taɓa Taibatu, har aka kawo mata rubutu. Ta karɓa ta shanye.

Wata rana Ɗantala ya tsaya a bakin ƙofa. Bayan sun gaisa ya ce, "Ɗiyata, ke ba ki jin tsoro?"

"Na so in ji, Baba. Bai zo ba."

"To mi yas sa kike ba shi?"

"Ya roƙa ne."

Tsohon ya yi mata addu'a ya tafi.

Da kaka ta yi, ƙanen Inna, Mukhtar, ya zo daga Bakura ya ɗauke su. A mota wata mata mai kaya niƙi-niƙi ta miƙo wa Taibatu jaririnta ba tare da ta tambaya ba. Taibatu ta riƙe shi. Yaron ya yi barci a ƙirjinta, hannunta ya sage, amma ba ta gyara zama ba har suka isa.