Guntayen da Aka Yanke daga Karatun Malam

Kwamfutar Aminullahi ta tsufa, ta koma sai a kunna ta a je a yi alwala a dawo ba ta gama farkawa ba. Ranar kasuwar Tambuwal ya ɗauro ta a bayan babur tun daga Fakku, ya dire ta a shagon Sirajo mai gyara.

Sirajo mutum ne mai son tsabta a cikin na'ura, ko da yake shagonsa ba wurin sa ƙafa. Ya leƙa ciki ya kama baki.

"Malam Aminu, wagga ba ciwo gare ta ba, shara ce ta cika ta. Duk aikin da kay yi, tana aje 'yan guntaye na wucin gadi. Kamata yay yi duk sadda anka kunna ta ta share su da kanta. Taka shekara bakwai ba ta share ko ɗaya ba. In saita ta?"

Aminullahi ya ce a saita. Sirajo ya saita, saura kawai a kashe a kunna.

Da wannan kwamfutar Aminullahi ya yi shekaru yana ɗaukar karatun mahaifinsa, Malam Dawuda, a zauren gidansu duk azumi. Bayan an tashi sai ya zauna ya tace: ya yanke tari, ya yanke kukan akuya, ya yanke duk inda Malam ya saki littafi ya shiga hira. Karatun ya fita tas, yau har a wayoyin 'yan acaba ana jin sa. Na asalin kuwa ya goge tuntuni don ya samu wurin ajiya a na'urar. Malam ya rasu bara waccan, kuma Aminullahi bai iya sauraron karatun nan, domin mutumin da ke ciki malami ne kawai, ba ya tari, ba ya dariya.

Sirajo ya kai hannu zai kashe, sai Aminullahi ya tuna Goggo, kakarsa, wadda ba ta yarda a share rumbu sai ta shiga da kanta ta laluba ko an manta irin shuka.

"Dakata. Mi ag ga sharar?"

"Tarkace, Malam. Ba su da ko suna, lamba ce zalla."

"Buɗe min guda."

Sirajo ya buɗe, yana ɓoye ƙosawarsa. Aka ji shuru, sai tari, irin mai biyu a jere da gyaran murya a ƙarshe. Aminullahi ya dafa benci ya zauna.

Na biyu akuya ce, da muryar Malam yana cewa a fitar da wannan ɗaliba, ta fi kowa zuwa da wuri. Zaure ya kwashe da dariya. Aminullahi ya gane dariyar Ɗan'iya makwabcinsu, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Kewa ta kama shi, bai damu da masu jiran cajin waya a shagon suna kallonsa ba.

"Guda nawa a nan?"

Sirajo ya duba. "Sun fi dubu ukku." Muryarsa ta sauka. Ya janye hannunsa daga maɓallin, ya warware saitin da ya yi, ya jawo filashi sabo na kwashe guntayen daga leda ba tare da an ce masa ba.

Kafin a fara kwashewa Aminullahi ya nuna wani guntu da yatsa. Daƙiƙa tara ne. Aka ji an ajiye kofi, sannan Malam, kusa da makirfo, da muryar cikin gida:

"Aminu, ka ci abinci kuwa? Tun la'asar kana bisa wagga na'ura." Ya ɗan yi dariya. "To, yanke wanga wuri, ba na mutane ba ne."

Kuma Aminullahi ya yanke ɗin, da hannunsa, shekara shida da suka wuce. Ya share fuska da hannun riga.

"Sake sa shi," ya ce.