Ranar Da Aka Lulluɓe Mu a Othaya

Tun da sassafe Tata Nyaguthii, ƙanwar babana, take fito da zannuwa daga akwati tana kakkaɓewa, ni kuwa ina zaune a bakin gado. A tsakar gida an yanka awaki, mata na kirɓa dankali da masara da ganyen kabewa, hayaƙi ya cika ko'ina. Yau dangin Ndegwa, wanda zan aura, za su zo gidanmu a Othaya ta ƙasar Kenya, a jera mu mu bakwai a lulluɓe daga kai har ƙafa, a ce ya nuna matarsa.

Kowa ya san akwai maguɗi a wasan nan. Babu angon da ke gane mace ta cikin zane biyu. Tun kafin ranar ake ƙulla alama, wata ta yi tari, wata ta leƙo da babban yatsan ƙafa mai jan farce. Yayata, a nata bikin, gwiwar hannu ta turo. Ni da Ndegwa ba mu ƙulla komai ba, domin rabon da ya ɗaga wayata tun ranar da na gaya masa.

Ƙanwarsa Wamuyu ce ta jawo. Ta same ni a shagon ɗinkina a Nyeri, ta jira sai da wadda ta kawo gyaran siket ta fita, sannan ta turo ƙofa.

"Na je Nairobi," ta ce. "Na yi kitso wurin wata mai surutu. Ashe kin san wata Nekesa?"

Allurar da ke hannuna ta faɗi, ban ko neme ta ba.

"Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, shekara biyu. Gathoni, yayana kika mayar labule? Ki fake da shi ki ci gaba da abinki?"

"Mun rabu tun kafin in san yayanki. Kuma son sa nake yi."

"Irinku har kun san so? Ku da ba kwa ƙoshi! Mace ta wuce ku kalla, namiji ya wuce ku kalla. Ko ki gaya masa da bakinki, ko in gaya wa Mama. Ita kuwa kin san ta, kafin Lahadi duk coci ya ji."

Washegari da rana na same shi inda yake awon madarar manoma. Muka zauna a bayan rumfa, na gaya masa ba kwana-kwana. Na ce na taɓa son mace, so na gaske, ba shirmen 'yan makarantar kwana ba. Na ce yanzu shi nake so, kuma wannan ma gaskiya ne.

Ya daɗe yana murza murfin garwar madara.

"To yanzu kin warke?"

"Ba ciwo na yi ba, Ndegwa."

"Wato har yanzu..."

"Har yanzu ni ce. Kai da ka yi 'yan mata kafin ni, makancewa ka yi da ka same ni? Kana ganin mata a hanya, amma ni ka tsaya a kai. To ni ma haka."

"Ba ɗaya ba ne," ya ce. "In namiji ne ya zo, na san yadda zan yi da shi. Wannan fa? Abin da ba ni da shi, ran da kika yi marmarinsa ya zan yi?"

"Gasasshen nama ne da zan yi marmari?"

Haushi ya sa na ɗaga murya, har wani tsoho mai keke ya waigo. Ndegwa ya miƙe ya ce manoma na jiransa. Bai ce an fasa ba, bai ce ana nan ba.

Don wauta na kira Nekesa, wai ina neman wanda zai ce in kwantar da hankalina. Dariya ta yi mini.

"Dama na sani. Yawon buɗe ido kika zo yi wurinmu, kin gama kin koma gida. Ku masu ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ƙarshenku miji ne kullum."

Na kashe wayar ina huci. Shekara biyu ina dafa mata shayi, ina jinyarta lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita, yau ta kira shi yawon buɗe ido. Na yi kuka a bayan keken ɗinki, na share fuska, na ƙarasa siket ɗin mutane.

Har hantsi a ranar bikin ban san ko za su zo ba. Sai ga ƙahon motoci. Matan danginsa suka tsaya a bakin ƙofar da aka rufe suna waƙar a buɗe musu, namu na ciki suna mayar musu da waƙar ba yanzu ba. Kowa na dariya. Ni tsoro ne ya ƙara kama ni, domin zuwa daban, zaɓa daban. In ya bi layin nan ya juya ya ce matarsa ba ta ciki, dattawa za su tambayi dalili, kuma Wamuyu na nan da dalilin a bakinta. Babana dattijon coci ne. Na san wata yarinya a Karatina da maganarta ta fito, mai gidan haya ya watso mata kaya waje, danginta suka kai ta wurin masu addu'a suka yi ta danne ta a ƙasa suna korar aljani.

Tata ta tara mu a ɗakin mamata ta kulle. Ta cire mana 'yan kunne da awarwaro, ta ba kowa takalmin roba iri ɗaya, ta cusa wa sirara tawul a ƙugu.

"Duk wadda ta yi tari, ni da ita," ta ce. "Na san dabarunku, ni ma an lulluɓe ni kafin a haife ku." Ta ɗago haɓata. "Ke kuma amarya, wace irin fuska ce wannan kamar za a cire miki haƙori? Saki ranki, ɗan mutane ba zai cinye ki a gabanmu ba."

Ta jefa mini zane na farko, ta ɗora na biyu. Duniya ta ɓace.

Aka ja mu waje ɗaya bayan ɗaya. Ba na ganin komai sai takalmin da ba nawa ba da jar ƙasa. Zanen na warin kafur, numfashina na dawo mini da zafi, gumi na bin bayana. Wacera, ƙawata tun firamare, ita ce a damana. Ba ta san komai ba, ta dai ji ina rawar jiki, sai ta zuro hannu ta ƙarƙashin zane ta kama nawa ta matse. Na riƙe ta kamar zan karya mata yatsu.

"Yaya, ka duba da kyau fa!" Muryar Wamuyu ce daga cikin rumfa. "Kada ka ɗauko abin da zai fi ƙarfinka!"

Jama'a suka kwashe da dariya.

Sai ga takalman Ndegwa, baƙaƙe, sun sha gogewa. Suka tsaya gaban ta farko, suka matsa. Suka zo gabana. Suka wuce.

Na ji su sun kai ƙarshen layi sun tsaya. Shiru ya yi tsawo har mawaƙan suka rasa abin rerawa, aka bar kukan wani jariri kaɗai.

"Ɗana, in ka kuskure akuya ce tararka," in ji wani kawuna. "Mu kuwa ba ma ƙin nama."

Ba a yi dariya sosai ba. Na so in turo yatsan ƙafa, in yi tari, in yi komai. Amma in na nuna kaina ya ƙi ɗagawa fa? Na tsaya kawai ina jiran in ji muryarsa ta ce ba ta nan.

Takalman suka dawo a hankali. Suka tsaya a gabana, ba su matsa ba. Hannu ya kama bakin zanen, haske ya doki idona.

Guɗa ta tashi, mata suka ɓarke da waƙa. Ndegwa ya sunkuyo kamar mai gyara mini zane, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sauran duk dariya suke dannewa. Ke kaɗai ce zanenki ke rawar tsoro."

Daɗi ya kusa kayar da ni. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga idonsa ya sauka ƙasa. Zanen ya zame, hannuna na cikin na Wacera, yatsunmu a sarƙe. Ya dubi hannuwan, ya dubi lulluɓin da ke damana, ya dawo da ido kaina. Murmushin na nan a bakinsa saboda masu ɗaukar hoto.

"Wacera ce fa," na ce da sauri. "Ka san ta."

Bai tambaye ni ba. Ni kuwa na riga na yarfar da hannunta kamar na taɓa tukunyar zafi. Wacera ta yaye nata zanen tana duban yatsunta, tana dubana, ba ta gane laifin da ta yi ba.

Tata ta tura mu wajen rumfa, Mama na share hawayen murna da gefen mayafi. Ƙawayena suka rugo a guje suna ihu, wannan ta rataye a wuyana, waccan ta sumbaci kumatuna. Ban rungumi ko ɗaya ba. Na tsaya hannuwana a gefe, ina leƙen fuskar mijina ta saman kafaɗunsu.