Ban Ce Na Sallama Ba

Shekara goma sha ɗaya Baban Biyu ya yi yana haya a ɗaki ciki da falo, a bayan wani gidan burodi. Bango ɗaya ne tsakanin gadonsa da tanderu. Sana'arsa gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki: ya wuni yana sanyaya gidajen mutane, ya dawo nasa ya kwana cikin gumi. Matarsa, Maman Biyu, ɗinki take yi a lungun falo, tagwayensu mata kuma sun kai shekara tara suna kwana a gindin teburin yankan yadi. Duk abin da ya samu sai ya gutsura ya ɓoye, ita ma haka, har abin ya taru ya isa neman gida.

Dillali ne ya kai shi wani fulat a hawa na biyu na wani bene mai hawa huɗu. Ɗaki biyu, falo, kicin, banɗaki, da baranda mai kallon titi. Baban Biyu ya dafa bangon ɗakin kwana da tafin hannu, ya ji shi da sanyi. Daga nan hankalinsa ya bar jikinsa. A gaban mai gidan yake ta yaƙe haƙora yana yaba tagogi, kamar wanda aka ba kyauta.

Mai gidan tsoho ne, ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, kowa a benen Baba Akawu yake ce masa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari, an ce wurinta zai koma. Biro uku ne a aljihun rigarsa: baƙi, shuɗi da ja.

Aka zauna ciniki. Baban Biyu ya taya, tsoho ya ce, "Albarka." Ya ƙara, tsoho ya ce, "Albarka." Dillali ya taka masa ƙafa, Baban Biyu ya yi ƙari na uku, wanda bayansa ko na sayen ƙwan fitila ba zai rage masa ba. Tsoho ya ɗaga kai ya kalli fanka har ta yi juyi kusan ashirin, sannan ya ce, "To. Allah ya sanya alheri."

Dillali ya tafa hannu. "Magana ta ƙare! Baban Biyu, ka zama mai gida."

Magana ba ta ƙare ba. Ko tumatir ake ciniki, kalma ɗaya ce ke rufe shi, mai kaya ya ce na sallama. Tsoho bai faɗa ba. Addu'a ya yi, kuma addu'a ba ciniki ba ce. Baban Biyu ya san wannan tun yana yaro, amma kunnensa ya ji abin da yake so ya ji. Washegari ya kawo kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Tsoho ya rubuta masa rasit da kyakkyawan rubutu, Baban Biyu ya ninke ya jefa aljihu bai karanta ba.

Wautarsa ta biyu ta fi ta farko. Yana isa gida ya tarar da mai gidan hayar, wadda suke kira Gwaggon Burodi, zaune a ƙofa tana sa burodi a leda, ma'aikatanta na kusa.

"Gwaggo, ƙarshen wata zan ba ki ɗakinki," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ki nemi wani ki gasa. Shekara goma sha ɗaya kina gasa ni, na gasu."

Ma'aikata suka sheƙe da dariya. Gwaggo ba ta ko ɗago kai ba. "Allah ya kai mu ƙarshen watan, ɗana. Dama ina neman inda zan ajiye fulawa."

Bayan kwana huɗu ya hau benen da takardar ciniki daga wurin lauya.

"Baba, ga ta. Nan za ka sa hannu, da nan."

Tsoho ya zaro jan biro. "Takardar mece ce?"

"Ta cinikin gidan, Baba."

"Wane ciniki? Na ce na sallama?"

Baban Biyu ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Tsoho bai taya shi ba.

"Baba, ai ka ce Allah ya sanya alheri."

"Ko atishawa ka yi a gabana zan yi maka addu'a. Sai ka ce na sayar maka da gida?"

"Ka karɓi kuɗina fa."

"Karanta rasit ɗinka, yaro. Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Ya zaro, ya warware, ya karanta: *Na karɓi ajiya daga hannun mai gyaran firiji.* Ajiya. Ba maganar gida, ba maganar saye. Ya ji gumi ya tsatso masa a ɗakin da ya yaba da sanyi.

"To a ba ni ajiyata."

"Tana banki. Na sa an kulle maka ita kwana casa'in, don kada ɓarawo ya taɓa. Godiya ya kamata ka yi." Tsoho ya gyara zama. "Ban ce ba zan sayar ba. Ban ce zan sayar ba. Tunani nake yi. Kafin nan, mayar wa lauyanka wannan. A shafin farko kaɗai kuskure bakwai. A zamaninmu korarsa za a yi."

Da Baban Biyu ya kira dillali, sai dillalin ya ce, "Ka bi shi a hankali, tsoho sai da lallami." Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Haka Baban Biyu ya shiga zarya. Kullum da yamma sai ya rufe shago, ya bar firijin mutane a kwance, ya hau matakala ashirin da biyu ya je jin tunanin Baba Akawu. Yau tsoho ya ce fankar falo ba ta cikin ciniki. Gobe ya ce kan famfon kicin shi ya saya da kansa, sai an yi masa kuɗi daban. Jibi ya ce firijinsa ba ya sanyi, kuma abin kunya ne a ce mai gyara na zuwa gidan kullum. Baban Biyu ya durƙusa ya gyara, ba a ce masa nawa ba, ba a ce masa sannu ba. Lauya ya sake buga takarda sau uku, sau uku tana dawowa da jan biro kamar an yanka kaza a kanta.

Rannan tsoho ya ce a kawo masa iyalin ya ga waɗanda za su taka masa daɓe. Ya tsayar da tagwayen ya yi musu tambayar lissafi. Ya ce wa Maman Biyu ƙarar keken ɗinki za ta dami na ƙasa. Ta ce, "To, Baba," tana murmushi, har suka sauko.

A bakin titi murmushin ya ɗauke. "Baban Biyu, wannan ba mai sayar da gida ba ne. Ɗa yake nema, ya samu a ɓagas, har da jikoki."

"Zai sa hannu."

"Yau sha tara ga wata. Ka je ka ba Gwaggo haƙuri."

"Da wane bakin?"

"Da wanda ka yi mata rashin kunya da shi. Ai ba ka canza wani ba."

Sai da ya kwana biyu yana haɗiye girman kai kafin ya je. Ya tarar har an jera buhunan fulawa shida a jikin ƙofar ɗakinsa. Ya rusuna, ya gaishe ta, ya ce ko wata ɗaya ta ƙara masa.

"A'a, ɗana, ai ka gasu," in ji Gwaggo. "In na mayar da kai ciki ƙonewa za ka yi, a ce ni ce. Ranar talatin da hantsi mota za ta kawo sauran buhunan."

Ba ta zalunce shi ba. Shi ya sa rana da bakinsa, a gaban shaidu.

Ya zaga neman wata hayar. Ko'ina na shekara ake so a dunƙule. In ya taɓa sauran kuɗin, cikon fulat ya karye, kuma kashi ɗaya na kulle a banki da sunan tsoho. Ya koma shago ya zauna a kan wani mataccen firiji, ya rasa inda zai sa kansa. Wani mai kanti ya zo karɓar injin da ya kawo tun makon jiya, ya tarar ko buɗe shi ba a yi ba, ya ɗauke kayansa yana faɗa.

Saura kwana uku, ya hau benen. A kan tebur ya ga takardar lauya, ba ja ko ɗaya a jikinta, kusa da ita kuma wata takarda da rubutun hannu.

"Na gama tunani," in ji Baba Akawu. "Zan sayar. Sharaɗi ɗaya ne. Ɗakin da ke da baranda zan zauna a ciki, har 'yata ta gama gina mini ɗaki a gidanta."

"Yaushe za ta gama, Baba?"

"Idan ta gama."

"A sa lokaci mana. Wata uku, ko shida."

"Ni magini ne?"

Baban Biyu ya ce zai yi shawara. Lambar 'yar tana rubuce a jikin kalandar falo, ya haddace ta. A ƙasan bene ya kira, ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne.

"Gini?" ta ce. "Bawan Allah, ko bulo ɗaya ba mu saya ba. Ɗaki na nan a gyare tun bara, shi ya ce ba zai zauna gidan suruki ba. Ni ce na matsa masa ya sayar. Kai ne mai saye na huɗu, ka yi haƙuri da shi."

Washegari ya kai wa lauya takardar sharaɗin. Lauya ya karanta, ya tura masa ita da yatsa ɗaya. "Kada ka sa hannu. Wannan ba shi da ranar ƙarewa. Ko shekara goma ya yi, ba kotun da za ta fitar maka da shi."

"To jibi ina zan kai 'ya'yana?"

"Wannan kuma ba aikin lauya ba ne."

Ya faɗa wa Maman Biyu komai, bai rage ba. Tana tsaye a tsakiyar kwalaye tana naɗe labule. Ta ce, "Ɗaki ɗaya da falo kenan. Abin da muka baro."

"Bangon da sanyi."

"Da tsoho a bayansa." Ta ɗaure labulen da ƙyalle. "Je ka sa. Titi ba shi da bango ko ɗaya."

Washegari ya sa hannu a takardu biyun, yana sane da abin da ke cikinsu, ya biya cikon. Tsoho ya duba sa hannun da kyau, ya sa nasa da baƙin biro, ya rufe, ya mayar aljihu. "Na sallama," ya ce, kamar wanda ya sayar da tsintsiya.

Ranar talatin motar fulawa na shigowa tasu na fita. Da suka isa benen, Baba Akawu ya riga ya fito da kujerarsa bakin ƙofar fulat, ya zauna yana duba kowane kwali. "Ba nan ake ajiye takalma ba. Ke, 'yar nan, ba a gudu a gidan nan. Keken ɗinki daga goma zuwa sha biyu, bayan nan barci nake yi." Tagwaye suka shimfiɗa katifarsu a falo, suna leƙen baranda ta ƙofar da tsoho ya bari a buɗe rabi. Maman Biyu ta shiga kicin, ta tarar da tukwanen tsoho a kan kanta ta sama da ta tsakiya. Ta jera nata a ƙasa.

Firiji ne ya rage a mota. Baban Biyu ya goya shi a baya da igiya, direba na tallafe da gindin. A kwanar matakala ta biyu wurin ya matse, firijin ya cije tsakanin bango da ƙarfen dafawa. Ya tura gaba ya ƙi, direba ya ja baya ya ƙi. Igiya ta shige masa kafaɗa.

Tsoho ya leƙo daga sama. "Kai, mai gyara! A hankali da bangona, fenti sabo ne."

Baban Biyu ya buɗe baki, numfashi bai ishe shi doguwar magana ba.

"To, Baba," ya ce.