Kofin Adijatu Mai Ƙwarya

A shekarar da aka soma haƙa filin ƙwallo na Al Thumama, Ɗalhatu yana tuƙi a Doha. Uwar ɗakinsa Dakta Muhsina ce, malamar jami'a 'yar Zariya, mai wata irin ɗabi'a ta tara muryoyin matattu. Tsofaffin kaset take saye, a juye mata su a waya, ta kishingiɗa a bayan mota tana saurare. Ɗalhatu kan yi mamakin yadda murya ke ci gaba da numfashi a cikin ƙarfe alhali mai ita ya daɗe da zama ƙasa.

Wata safiya suna cikin cunkoso ta kunna wata waƙa. Ƙwarya ta fara, sai ga murya mai ɗan kauri, kamar zumar da ta kwana a sanyi. Ɗalhatu ya taka birki ba dalili. Wani Balarabe ya danna masa hon daga baya.

"Baba Ɗalhatu, lafiya?"

"Ƙafata ce ta zame, Dakta."

"Adijatu Mai Ƙwarya ke nan. Ta ci kofin gasar wani gidan rediyo tun ba a haife ni ba. Da aka gano namiji aka haife ta, har ɗaki aka bi ta aka karɓe kofin. To mu mun sa an yi mata wani. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu ba da shi a gidana, mu-ya-mu, ba hayaniya. Wanda za a miƙa wa ne na rasa. Duk dangin da na lalubo sai su ce ba su san ta ba."

Ɗalhatu ya san ta. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Gariba aka raɗa mata ranar suna. Ranar da ta ɗaura zane ta fita da ƙoren kiɗanta, mahaifinsu ya hana a ƙara ambatonta a gidan. Da wannan hanin Ɗalhatu ya girma, da shi ya yi furfura, har ta rasu a ɗakin haya a Kaduna.

Ga kuma Surajo, mai gadin unguwar su Dakta. Ɗaki ɗaya suke kwana a Al Wukair, kuma ɗansa ne ke neman auren Bilkisu, 'yar autar Ɗalhatu. Har an kai gaisuwa. In Surajo ya ji daga wane gida yarinyar ta fito, auren zai iya watsewa.

"Ka ji abin da uwar ɗakinka ta shirya?" in ji Surajo suna cin shinkafa. "Kofi ga ɗan daudu! Boko in ya yi yawa, kai yake taɓawa. Yalla, suruki, ci mana, ka zuba wa abinci ido kamar zai yi magana."

Ranar Alhamis Dakta ta kunna wata waƙar Adijatu da bai taɓa ji ba. Kusa da ƙarshe Adijatu ta shiga jero sunayen mutanenta, yadda mawaƙa kan yi: mai tuwon da ke ba ta ɗumame, telan da ke mata ɗinki, wata tsohuwa da ta ba ta tabarma. Sai ƙwaryar ta lafa, ta ce, "Ɗalhatu ƙanena, mai tsoron agwagwa, ina gaishe ka ko ba ka amsa ba."

Dakta ta yi dariya. "Ga takwaranka, Baba. Kai ma kana tsoron agwagwa?"

"Har gobe," ya ce a hankali.

Dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallonsa ta madubi.

Ranar Juma'a shi ya jera kujeru. Mutanen ba su cika falo ba. Surajo yana tsaye a bakin ƙofa da kakinsa, wai ya zo taya ɗaukar lemo. Dakta ta yi bayani, ta ɗaga kofin, ta ce in ba dangi za ta ajiye shi a kabad ɗinta. Ba ta dubi inda Ɗalhatu yake ba.

Ya miƙe.

"Yayata ce," ya ce. "Ni ne mai agwagwar."

Wata likita ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna inda take, ta toshe baki. Kofin bai da nauyi ko kaɗan, amma da hannu biyu ya karɓa.

A motar komawa Al Wukair, Surajo ya bar kujera ɗaya a tsakaninsu. Sun wuce injinan ɗaga kaya na ginin filin ƙwallo kafin ya buɗe baki.

"Maganar yaran nan. Sai na yi waya gida. Ba ni kaɗai ke da yaron ba."

"Yi," in ji Ɗalhatu. "Amma ka faɗa musu duka, kada ka rage. Ka ce ta ci kofi."