Kwana Ɗari Bayan Baba

Tun da Baba ya rasu na daina jin ɗanɗanon abinci, amma ban daina amsa saƙonnin otal ba. Ni ce babba a gidanmu, ni ce kuma na ɗauki shirin bikin ƙanena Po-yen tun bara, don shi in ka ba shi takarda ya riƙe, kafin ya kai bakin ƙofa ta ɓata. Wanda zai aura, Li-heng, ma'aikacin jinya ne a Tainan, ba shi da lokacin kansa. Shekararsu tara tare. Sa hannu a ofishin rajista aikin minti goma ne, wannan bai dame su ba. Biki suke so, kuma suka zaɓi tsibirin Samui a Thailand, bakin teku, mutum ashirin da huɗu, ranar sha takwas ga Afrilu. Po-yen ya ce a can babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta taga tana ƙirga angwaye.

Matar da ke kula da bukukuwa a otal ɗin sunanta Nok, kuma ba ta gajiya da tambaya. Farin fure ko ruwan ɗorawa? Kifi ko kaza? Wa zai fara fitowa? Takardarsu tana da layin ango da layin amarya, sai ta soke amarya da biro ta rubuta ango na biyu, su kuwa suka yi mako guda suna rigima a kan wanda zai zama na biyun. A lokacin na yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu karantawa nake yi in amsa, fari, kifi, tare za su fito, kamar mai cike takardar asibiti.

Ranar uku ga Nuwamba Baba ya faɗi a shagonsa, yana tsugune gaban babur ɗin wani. Kafin motar asibiti ta zo an gama. Ban yi kuka a ranar ba, ban yi ranar jana'iza ba. Ina ta jiran kukan ya zo, bai zo ba, sai na ci gaba da aiki.

Kowa a garinmu Chiayi ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Gidan da aka yi rasuwa, in akwai aure a hanya, ko dai a yi shi kafin a cika kwana ɗari, ko a haƙura sai an fita makoki, shekara ɗaya ko uku, gwargwadon tsaurin gidan. Afrilu ba ta faɗa ko'ina ba a ciki. Mu kuwa gidan tsauri ne. Da kakarmu ta rasu, Mama ce ta tsaya da kalanda a hannu a kan Wen-pin, ɗan Babbar Goggo, yayar Baba, sai da aka yi bikinsa a kwana na saba'in, amarya cikin rigar aro, tana kumbure-kumbure har a hoto. Mama ta ce amarya ta kumbura ta fashe, ba za a ɗora farin ciki a kan makoki ba.

Shi ya sa ban jira kowa ba na nemi wata rana wajen Nok. Ta samo ashirin da huɗu ga Janairu, kwana na tamanin da uku. Ba ranar arziki ba ce. An riga an kama wurin da ke bakin ruwa, sai filin ciyawa na bayan otal, kuma rabin mutanenmu ba za su sami hutu ba ana dab da sabuwar shekararmu ta gargajiya, mai bin lissafin wata. Ta ce za ta riƙe mana har Juma'a.

Ranar Talata na iske Po-yen zaune a dakalin shagon Baba, ƙofa a rufe, yana juya mabuɗan a yatsa.

Ya ce, "Yaya, Mama ta ce wani abu?"

"Ta ce in sayo turare."

"Ba wannan ba."

"Na san ba wannan ba. Kai an ɗinke maka baki ne? Shekara talatin da huɗu, har yanzu ni ce 'yar aikenka?"

"In na tambaye ta ai na sa mata magana a baki. So nake ita ta faɗa da kanta."

"Ta faɗi me?"

"Ta ce Afrilu ba za ta yiwu ba. Ta zazzage ni kamar yadda ta zazzage Wen-pin."

"Kai dai ba ka da lafiya. Filin ciyawa ne fa, kusa da injin wuta."

"Ko a garejin otal ne, Yaya."

Sai a nan na gane. Mama ba ta taɓa ɓata wa Li-heng fuska ba. Shi yake auna mata jini, shi ya zauna da ita a asibiti lokacin aikin idonta, in ya zo ta fi zuba masa nama a kan namu. Amma shekara tara sunansa a bakinta abokin Po-yen. Da aka gaya mata zancen Samui cewa ta yi, "To." Babu wanda ya san abin da ke cikin wannan to ɗin, babu kuma wanda ya yi ƙarfin halin buɗe shi. Yanzu mutuwa ta zo da ma'auni. In Mama ta hana Afrilu, aure ne a wajenta. Abin da ƙanena yake roƙo ke nan, a hana shi.

Na ce masa zan yi maganar, amma sau ɗaya, kuma a gabansa.

Alhamis ta kama kwana talatin da biyar, ta biyar a addu'o'in da ake wa mamaci duk kwana bakwai. Muka durƙusa gaban hoton Baba tun safe, ni da Po-yen a gaba, hayaƙin turare na shiga mana ido. Li-heng yana bakin ƙofa inda ya saba tsayawa kowane bakwai, shi ne mai gyara takalman mutane da karɓo abinci. Da aka tashi gwiwoyina sun mutu, ban ma ji su ba. Da rana muka zauna cin shinkafa da naman talotalo daga shagon da Baba yake so: Mama, Babbar Goggo, ni, da su biyun.

Goggo ce ta sauƙaƙa mini. Ta nuna su da tsinken cin abinci ta ce, "Wai ku, tafiyar nan taku ta shan iska tana nan? Ni fa ƙafata ba ta son yashi."

Po-yen ya ce, "Ba shan iska ba ne, Goggo."

"To shan me? Ruwan kwakwa?"

Na ajiye kwanona. Na ce, "Mama, otal na jiran amsa gobe. Akwai rana a cikin kwana ɗarin, ashirin da huɗu ga Janairu. Ko kuma a bar ta a Afrilu. Ke za ki faɗa."

Mama ta gama tauna abin da ke bakinta tukuna. Ta rame, gashinta ya yi fari a gefe cikin wata guda, ta daina rina shi.

Ta ce, "Janairu kuma? Ga shara, ga sayayya, sabuwar shekara na bakin ƙofa. Wa zai bar gidansa? Ku bar ta a Afrilu."

"Mama, Afrilu ta wuce kwana ɗari."

"Na iya ƙirga, ni na koya miki. Wannan ai na masu kawo mace gida ne, 'yar nan, don kada amarya ta shigo a kan makoki. Su waɗannan me zai taɓa su? Su je su yi shagalinsu duk ranar da suka ga dama. Babanku ba zai yi fushi ba."

Goggo ta ce, "Gaskiya ne, wannan ba ya ciki."

Mama ta juya wajen Po-yen da fuska a sake, karo na farko tun rasuwar. Ta ce, "Ni ma zan je. Gidan nan ya ishe ni, ko'ina na duba sai in ga kayansa. Ka ce a ba ni wuri kusa da taga a jirgi." Sannan ta ɗebo nama daga kwanonta ta zuba wa Li-heng. "Ci, ka rame. Kana ta wahala da mu kamar ɗan gida."

Li-heng ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya ce, "Na gode, Inna."

Babu mugunta ko kaɗan a muryarta, da akwai ma da ya fi sauƙi. Alheri take yi musu, ta ɗauke musu wahala. Na ji haushi ya taso mini, zafi ƙwarai, na so in kifar da teburin har da talotalon. Kafin in buɗe baki ya mutu, na koma yadda nake. Na dubi ƙanena. Ya ce, "To, Mama," ya sunkuyar da kai ya cinye shinkafarsa tas, ko ƙwaya bai bari ba.

Bayan an tashi, Mama ta je ta kwanta, Goggo ta tafi. Su biyun suka tsaya wanke kwanuka, ɗaya na wankewa ɗaya na gogewa, ni ina zaune a kujerar kicin da waya a hannu.

Li-heng ya ce a hankali, "Za ta zo fa. Ni tawa uwar ko wayata ba ta ɗauka."

"Eh, za ta zo."

"Kuma mun tsira da bakin ruwanmu. Kai da kake mita a kan hoto."

"Haka ne."

Po-yen ya ci gaba da wanke kwano ɗaya, ruwa na zuba, har Li-heng ya zare shi daga hannunsa.

Na rubuta wa Nok cewa ta saki Janairu, muna nan a Afrilu, mutum ashirin da uku. Ba a yi minti biyu ba ta amsa da murna da hotunan furanni, ta ce Afrilu ta fi kyau nesa ba kusa ba. Sai ta ƙara tambaya. Suna sa ɗan kati a kujerun sahun gaba, to me za a rubuta a ta Mama, uwar ango?

Na karanta masa. Po-yen ya rufe famfo, ya goge hannunsa a wando, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da Mama take kwance.

Ya ce, "Ki ce su rubuta sunanta kawai."