Jar Kujerar Orval

Shekara ashirin da shida mijina Orval yana haska wa yara fim duk ranar Asabar a ɗakin taron garinmu, nan Manitoba. Ya rasu a watan Nuwamba. Ni dā aikina soya gugguru ne kawai, ban taɓa sa hannu a majigin ba.

Orval yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta. Kafin ya nuna kowane fim, sai ya kalle shi shi kaɗai a sahun gaba, a kan wata 'yar jar kujerar roba ta 'yan shekara huɗu. Ƙato da shi, gwiwa har haɓa. Yakan ce, "Verna, wanda yake tsaye bai san girman dodo ba." Iyaye kuwa ba sa tambaya. Da sun ji Orval ya kalla, shi ke nan.

A watan Janairu Marlys ta zo gidana. Ita ce shugabar kwamitin ɗakin taron, kuma tun muna firamare muke faɗa muna shiryawa. Ta ajiye wata takarda kusa da kofin shayina.

"Fim ɗin katun da Orval ya yi oda kafin ya kwanta ciwo ya iso," in ji ta. "Na wata yarinya da kakanta da suke yawo cikin taurari a kumbo. Ga abin da aka rubuta a intanet. Kakan mutuwa yake yi, Verna. A gaban yara!"

"To, a garin nan ba a mutuwa ne?"

"Ke dai bakinki ba ya tsufa. Kwamiti ya ce in yaro ɗaya ya fita da kuka, an rufe fim ɗin Asabar. Ba Orval, ba mai tsaya mana."

"Ni zan kalla."

"Ke? Da wace gwiwar?"

Ranar Laraba da rana na buɗe ɗakin taron. Jar kujerar tana bayan labule inda ya bar ta. Na daɗe ina riƙe da ita kafin na zauna. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar an karya ice.

Daga ƙasa, allon nan ya zama kamar bangon rumbu. Can tsakiyar fim kumbon ya faɗa wani baƙin rami, sai wata ƙara ta taso daga lasifikar da ke dab da kunnena, har haƙorana suka kaɗa. Daga kujerun manya ba a jin ta haka. Takardar Marlys ko ambatonta ba ta yi ba. A nan na tuna yadda Orval yake tsayawa da yatsa a kan maɓallin sauti, ni kuwa ina zaton gulma ce kawai. Na rubuta a bayan hannuna: minti talatin da huɗu.

Mutuwar kakan kuwa a hankali ta zo. Ya gaji, ya miƙa wa yarinyar hularsa, ya rufe ido. Na yi kuka har rigata ta jiƙe. Amma kukana ne, ba na yara ba.

Na kira Marlys na ce, "Ya dace. A sanar."

Ranar Asabar yara sun fi arba'in, takalman ƙanƙara jibge a bakin ƙofa. Marlys ta tsaya a baya ta harɗe hannu. A minti talatin da huɗu na sassauta sauti. Kumbon ya shiga ramin ya fito, yara suna ta tauna gugguru.

Da kakan ya rufe ido, sai Josie, 'yar mai gyaran taraktoci, mai shekara biyar, ta juyo ta ɗaga murya.

"Misis Verna, ya mutu ne kamar Mista Orval?"

Na ji iyaye sun ɗauke numfashi. Na ce, "E, Josie. Kamar shi."

"To wa zai tuƙa kumbon?"

Yayarta ta zungure ta. "Ke wawuya, ba ki ga an ba ta hular ba?"

Yarinyar fim ta sa hular, ta faɗo mata har hanci, ta tura ta baya ta kama sitiyari. Ɗakin ya kaure da ihu. Wasu har kan kujera suka hau suna tafi. Yaro ko ɗaya bai fita ba.

Wadda ta fita da kuka Marlys ce. Na same ta a kicin tana fyace hanci da takardar nan tata.

"Kwamiti ya ce yaro," na ce mata. "Ke kin wuce saba'in."

"Rufe min baki, tsohuwar banza. Wane fim ne na mako mai zuwa?"

"Sai na kalla tukun."

Ta dubi gwiwoyina ta girgiza kai. Washegari na tarar ta ɗinka wa jar kujerar matashi.