Ruwan Baƙi a Bir Dahwa

Tun daga kurɓar farko Dakta Najiba ta ji ruwan da aka tarbe su da shi ba na Bir Dahwa ba ne. Ba ta kawo komai a ranta ba. Kawunta Balgasim, umdan garin, wato mai gari, mutum ne da zai iya sayar da rigar jikinsa don baƙo ya ci nama, to don ya sayo ruwan gora ya juye a tulu ai ba abin mamaki ba ne.

Baƙon shi ne Injiniya Mundir daga hukumar ruwa a Tunis, kuma abin da ya kawo shi shi ne abin da Najiba ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai. Rijiyar burtsatsen garin tana ba da ruwan zartsi mai ɗauke da wani sinadari, fuloraid, da yake narkowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Shi ke rina haƙoran yara su koma kalar dabino, in an manyanta kuma ya kama ƙashi, mutum ya sankare tun bai tsufa ba. Sama da shekara ashirin tana wannan bincike. Ta yi digiri a kansa a jami'ar birnin Safaƙis, ta bi rijiyoyin kudu da igiya da kwalba, har ta kai in ta auna ruwa za ta gaya maka dutsen da ya ratso da zamanin da ya sauko daga sama. Ta yi rubuce-rubuce, Turawa sun karanta sun tafa mata, ruwan kuma yana nan yadda ta san shi tun tana goye. Sai bana hukuma ta ce za ta kafa injin tace ruwa guda ɗaya tal a yankin, a garin da ruwansa ya fi muni. Amma ba za su yi aiki da awon Najiba ba, wai 'yar garin ce. Mutuminsu zai zo da kansa ya ɗiba daga famfon babban tanki, ya rufe da hatimi. Zuwa ɗaya ne, babu na biyu.

Aka kawo kuskus da naman rago. Balgasim yana ta tura wa baƙo tsoka, yana kiransa Si Mundir, wato Malam Mundir.

"Ci mana, Si Mundir. Ko a Tunis da allura ake ciyar da ku?"

"Wallahi Si Balgasim, in na ƙara loma ɗaya, a motar asibiti za a mayar da ni."

Najiba ba ta iya cin komai ba, sai duba agogo take. Da ƙyar aka sha shayi aka tashi, rabin gari ya bi su zuwa tanki, har da mai ɗauke da tiren kofuna ko baƙo zai ji ƙishi a hanya.

Mundir ya buɗe famfo. Najiba ta tara kofi, ta tsoma 'yar na'urarta ta awon gishirin ruwa, don dai ta ga lambar da ta haddace. Lambar ba ta zo ba. Abin da ya fito ko kusa bai kai ba. Ta ɗauraye na'urar ta sake tsomawa, haka dai. Ta kai kofin baki: garau, ba zartsi ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. Ta dubi ƙasa, sai ga sawun tayar babbar mota, ga kuma wani fili a bayan tankin ya jiƙe ya bushe ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa.

"Dakta, ruwanku ai ya fi na gidana," in ji Mundir, yana cika kwalabensa yana manna hatimi.

"Kawu, ɗan zo mana."

Ta ja shi bayan tankin. Yana tafe yana murmushi irin na wanda yake jiran a gode masa.

"Me ka zuba a tankin nan?"

"Kin ji daɗinsa ko? Daga dutsen arewa na sa aka kawo, a tanka. Jiya muka zubar da namu, matasa suka shiga suka wanke shi tas."

"Ka zubar."

"Ba ke kika buga waya kika ce mu shirya ba? To mun shirya."

Haka ne, ita ta faɗa. Ku shirya, za a zo duba ruwanku. A bakinta shiri yana nufin a nemo makulli, a kori awaki daga hanya. Ta manta cewa a Bir Dahwa in an ce baƙo na zuwa, shiri yana nufin a ɓoye tabarmar da ta yage, a ari ta maƙwabta. Ta san ruwan garin nan har gindinsa, mutanensa ne suka shammace ta, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ba sha ya zo yi ba, Kawu. Awo ya zo yi."

"To ai shi ya sa. In za a auna mutum, ba sai ya yi wanka ya sa fararen kaya ba?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ruwansa ya fi muni shi za a ba injin. Ka gane? Ka ɗauki injin da hannunka ka miƙa wa wani gari."

Murmushin ya gushe, amma ba nadama ce ta maye gurbinsa ba. "Ke dai kullum muni, muni. A kasuwar mako ana ce mana masu jan baki. Kin rubuta mu a takardun Turawa, duniya ta gama sanin mu. Rana ɗaya na so baƙo ya sha ruwa a garina ya ce alhamdu lillahi, shi ne laifina? Ki rufa mana asiri, 'yar nan. In ya tafi ma yi magana."

In ya tafi. Najiba ta ji kamar ta kama tankin ta jijjiga. Ta fito gaban jama'a a fusace.

"Si Mundir, wannan ba ruwanmu ba ne. Jiya aka kawo shi a tanka."

Wani tsoho ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "An tura ta karatu ta koyo tonon silili."

Mundir ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, ma'aikaci ne kawai mai son komawa gida da aikinsa a hannu. "Dakta, daga tanki aka ce in ɗiba, daga tanki na ɗiba. In na canza don kin ce, kin san abin da za a faɗa a ofis." Ya juya. "Si Balgasim, kai ne hukuma a nan. Ruwan garinku ne wannan?"

Balgasim ya gyara tsayuwa. "Ruwan da ke tankin Bir Dahwa, ruwan Bir Dahwa ne."

Kawuna suka gyaɗa. Mutanen da ba sa iya sunkuyawa su ɗaure takalmi, su ne suke gyaɗa kai, suna jin an fitar da su kunya. Garin neman gira za a rasa ido, kuma da guɗa za a rasa shi.

Najiba ta juya musu baya. Ta wuce ɗakin injin rijiya da ke jikin tankin, ta tura ƙofar da ƙafa, ta ɗaga makunni. Injin ya yi tari ya kama. A jikin bututun akwai wani ɗan famfo da ruwa ke fitowa kai tsaye daga ƙasa, nan ta saba ɗiba. Ta bar shi ya zuba na ɗan lokaci, sannan ta zari kofi daga tiren baƙi ta cika. Ba ta nufi Mundir ba. A garin nan mai gida ne ke miƙa wa baƙo abin sha, ba wani ba.

"Kawu, baƙonka ya sha rana. Ga ruwan garinka. Ba shi da hannunka."

Balgasim ya karɓa, don ba a barin kofi a hannun mai miƙowa a gaban mutane. Ruwan fari ne ƙal, ba mai cewa da wani abu a ciki. Mundir ya miƙo hannu cikin ladabi.

Balgasim ya dubi kofin, ya dubi hannun baƙon. Ya ɗan matsar da shi gaba, ya tsaya.

"Bismillah, Si Balgasim," in ji Mundir.

"Wannan ba na baƙi ba ne."

Ya kafa kai ya shanye da kansa, ya goge baki da bayan hannu.

"To na wa ne, Kawu?" Najiba ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba. "Sau ɗaya ka kasa ba mutumin da gobe ba zai tuna sunanka ba. Jikokinka kuma safe da yamma."

Ba wanda ya gyaɗa kai wannan karon. Mundir ya dubi Balgasim, sannan ya duƙa ya buɗe jakarsa. Kwalaben da ya zo da su ke nan, ba shi da wasu.

"Dakta, bar injin yana aiki," ya ce. Ya ciro wuƙar aljihu ya yanke hatimin kwalbar farko, ya karkata ta zai tuntsurar a ƙasa don ya cika ta da na rijiya.

Balgasim ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kada ka zubar, Si Mundir. Mai kyau ne. A kai wa yara."